Filin Kawu: Wa Zan Bi a Kiɗan Bes Na Jaz?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya, ya iyali? Ni matashi ne daga Ƙofar Marusa a nan Katsina. Ina aiki a wani ɗan situdiyo inda muke haɗa waƙoƙin biki da na siyasa da fiyano da kwamfuta. Bara na sayi jitar bes ta hannu mai tsirkiya huɗu wajen wani mai kiɗa a coci, kuma na iya bin waƙoƙinmu da ita daidai gwargwado. To kwanaki na ci karo da kiɗan jaz a YouTube, na ga wani ya rungumi ƙaton bes na katako a tsaye, yatsunsa ba sa hutawa, kuma ko sau ɗaya ban ji ya maimaita abin da ya kaɗa ba. Na yi ta ƙoƙarin bin sa, na kasa gane inda ya dosa. Don Allah salon wa ya kamata in fara nazari, kuma waɗanne faya-fayai zan saurara? Na nemi sunaye a intanet aka jero mani mutum hamsin, kaina ya ɗaure.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana, iyali lafiya lau. Ajiye mutum hamsin ɗin nan gefe. Mutum ɗaya za ka bi, Paul Chambers, kuma ko a cikin aikinsa ma waƙa biyu zuwa uku sun ishe ka daga yanzu har damina ta faɗi.

Amma tukuna, da me kake saurare? In da sifikar waya ne, to ba ka ji bes ba har yanzu. Tsirkiya mafi kauri ta bes, wato E, tana karkarwa ne kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa 'yar sifikar waya sai sauti ya kai ɗaruruwa take iya fitar da shi da kyau. Abin da ke iso kunnenka ɗan ƙas-ƙas ɗin yatsa ne kawai. Nemi iyafis mai toshe kunne, ko ka jona wayar da sifikun situdiyonku in an tashi aiki. Ka kuma sani faya-fayan shekarun 1950 ba da amfilifaya aka ɗauki bes ɗinsu ba. Makirfo ake kafawa a gaban katakon, tsirkiyoyin kuma na hanjin dabba ne, don haka sautin yana da laushi, sai ka kasa kunne za ka kamo shi.

Shi Chambers an haife shi a Pittsburgh a 1935, ya tashi a Detroit, garin masana'antun motoci na Amurka. Da kayan busa ya fara, har da tuba, wadda ita ma aikinta riƙe ƙasan kiɗa ne, sannan ya koma bes yana saurayi ɗanye, ya kuma yi karatu wajen wani mai bes na ƙungiyar simfoni ta birnin. Yana da shekara 20 Miles Davis, mai busa turamfet, ya ɗauke shi aiki a 1955, suka zauna tare har 1963. A tsakanin nan da wuya ka sami wani babba a New York da bai kira shi situdiyo ba. John Coltrane, mai busa saksofon, ma waƙa sukutum ya raɗa wa haruffan sunansa, "Mr. P.C.", tana cikin faifan Giant Steps. Ya rasu a Janairun 1969 yana da shekara 33. Tarin fuka ne ya yi ajalinsa, bayan shaye-shaye ya riga ya cinye jikin. Kai da ke zaman situdiyo har tsakar dare ka san abin da nake nufi, ba sai na ja zancen ba.

Akwai waɗanda suka fi shi ƙarfin sauti, akwai waɗanda suka fi shi saurin yatsa. Na zaɓar maka shi ne saboda tafiyarsa a fili take. Duk sautin da ya ɗora yana da inda ya fito da inda za shi, mai koyo na iya bin sawu. Kuma duk faifan da ka ɗauko don ka ji shi, za ka tarar da manyan zamanin a ciki.

Yanzu ga abin da ya ɗaure maka kai. A kiɗan da kunnenmu ya tashi da shi, mai garaya ko gurmi zagaye ɗaya gajere yake kamawa ya yi ta juya shi, yana ɗan ƙawata shi nan da can, mawaƙi na hawa a kai. Haka bes ɗin da kake ɗorawa a waƙoƙin biki yake. A jaz ma akwai abin da ake maimaitawa, sai dai jerin kod-kod ɗin ne ke zagayowa, wato tarin sautukan da mai fiyano ke dannawa a tare, su sautukan mai bes kuwa kowane zagaye sababbi ne. An yanka waƙa gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa bugu huɗu, kowace gaɓa da nata kod. Mai bes zai ɗora sauti ɗaya a kan kowane bugu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba tsayawa, yana takawa daga wannan kod zuwa na gaba ta hanyar da ya ga dama. In zagayen ya dawo sai ya sake hanya, amma a bakin kowace gaɓa yana nan inda ake jiransa. Kai kana neman jimlar da ake maimaitawa ne, shi ya sa ka rasa ta.

Ta bulus za ka shiga, wani tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, domin zagayensa gajere ne, gaɓa 12 kacal. Nemi "C Jam Blues" a faifan Groovy na mai fiyano Red Garland, na 1957. Su uku ne kawai a ciki, Garland da Chambers da mai ganga Art Taylor, babu masu busa da za su rufe maka bes. Duke Ellington, mai fiyano kuma shugaban ƙungiyar makaɗa, ne ya tsara waƙar tun 1942, kuma jigonta sauti biyu ne rak, G da C, don haka ba abin da zai ɗauke maka hankali. Ƙashin bayan zagayen shi ne gaɓa huɗu a kan C, biyu a kan F, biyu a koma C, biyu a wajen G, biyu a dawo gida. Makaɗa na cusa 'yan kod a tsakani, amma wannan ya isa ka san inda kake.

Kada ka taɓa jitar tukuna. Kunna waƙar ka ƙirga gaɓoɓi da baki, ɗaya-biyu-uku-huɗu, biyu-biyu-uku-huɗu, har zuwa sha biyu, ka ga ko za ka dawo farko tare da su. Ranar farko za ka ɓace, ba komai. In ka iya bin zagaye biyar a jere ba ka ɓace ba, sai ka daina ƙirga ka fara rera abin da bes ke yi, dum-dum-dum-dum, da muryarka, ko da sama da nasa kake rerawa. Ka taɓa sauraron Shata ka bar muryarsa da ta 'yan amshi ka bi kalangu shi kaɗai daga farko har ƙarshe? Irin wannan sauraron nake so. Abin da bakinka bai iya rerawa ba, yatsanka ƙarya zai yi a kansa.

Ku 'yan yanzu kun samu gata. YouTube na da wurin rage gudu zuwa 0.75 ko 0.5 ba tare da sautin ya sauka ba. Mu da muka fara jin waɗannan mutane a shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka, a gajeren zango, kiɗan na zuwa yana ɓacewa, kuma bes ne farkon abin da iska ke lashewa. Wanda ya samu ya ɗauka a kaset, sai ya yi ta mayar da shi baya da biro don kada batir ya ƙare. Kai rage gudun, ka ɗauki gaɓa huɗu kawai, ka rera su har su zauna, sannan ka ɗauko jita ka nemo su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a littafi da haruffa ko da lambar gidan da ka danna a wuyan jitar, duk wanda ya fi maka sauƙi. Zagaye ɗaya sauti 48 ne. In ka fitar da 48 ɗin nan da kunnenka a wata guda, ka fi wanda ya sauke takardun waƙa ɗari a waya bai buɗe ba.

Bari in nuna maka irin abin da za ka tarar, da jitarka a hannu. Kana kan C, gaɓa ta gaba F ce. Danna tsirkiyar A a gida na 3, wannan C ne, bugu na ɗaya. Koma tsirkiyar D gida na 2, E ke nan, bugu na biyu. Miƙa ɗan yatsa zuwa gida na 5, G, bugu na uku. Bugu na huɗu sai ka ja baya gida na 4. Tsaya nan ka saurara. Wannan sautin ba ya cikin kod ɗin C, ba ya cikin na F, in ka tsaya a kansa kunnenka zai ce ka yi kuskure. To sauka gida na 3, F, a kan bugun farko na sabuwar gaɓa, ka ji yadda ya faɗa wurinsa daram. Ni na ƙirƙiri wannan misalin, amma dabarar ita ce za ka yi ta cin karo da ita a wajen Chambers: bugu na huɗu shi ne mai kai ka ƙofar kod na gaba, sau da yawa daga gida ɗaya sama ko gida ɗaya ƙasa. Da farko zai yi maka baƙo, don yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan sauti biyar yake yawo, ba ya bi ta waɗannan ƙananan tsakanin. Kunne na sabawa. Kuma shi bulus kansa yana da jinin sauti biyar ɗin nan a jikinsa, za ka ji kamar ka san shi a wani wuri.

Bayan zaɓen sauti, ka lura da tsawonsa. Chambers ba ya sakin sauti sai na gaba ya iso, babu rami a tsakaninsu, shi ya sa tafiyar ke gudana. Masu jitar lantarki da suka saba da kiɗan rawa sukan datse kowane sauti, tak-tak-tak, kuma da wannan kaɗai ake gane baƙo a jaz ko da bai yi kuskuren gida ko ɗaya ba. Za ka kuma ji wani ɗan tuntuɓe da yake yi jefi-jefi gab da bugu, ɗan gajeren sauti da ba ya ƙirguwa, yana ingiza na gaba. Kada ka yi gaggawar kwaikwayonsa; masu koyo suna son sa har su cika shi a kowace gaɓa, abin ya koma ɗingishi. Sannan ka saurari yadda bes ke tafiya da faifan tagullar da mai ganga ke bugawa da hannun dama, su biyun kamar an ɗaure su. Ƙafarsa ta hagu kuma tana rufe wasu faya-fayan biyu, cas, a kan bugu na biyu da na huɗu. Ka riƙa tafi a nan, biyu da huɗu. In ka yi tafi a ɗaya da uku kiɗan zai zauna maka ƙasa daɓas.

Daga nan sai Kind of Blue, faifan Miles Davis na 1959, wanda in mutum bai san komai a jaz ba ya san shi. Waƙa ta biyu, "Freddie Freeloader", ita ma bulus ce mai gaɓa 12, a kan B-filat, da Wynton Kelly a fiyano, gudunta kuma na tafiyar mutum mai natsuwa ne. Akwai ɗan tarko a ƙarshen zagayen: inda kake zaton za a dawo gida sai su zame zuwa A-filat. Ka ji yadda Chambers ke bi ta nan a kowane zagaye, ya isa karatun mako guda. Can wajen ƙarshe ana ba shi fili ya yi solo, ka saurara don daɗi, amma tafiyar da ya yi a bayan masu busa ita ce darasinka.

Waƙar farko a faifan, "So What", ita ce ta sa sunansa ya shiga ko'ina. Bayan ɗan share fage na fiyano da bes wanda ba shi da tsayayyen bugu, sai Chambers ya ɗauko jigon waƙar shi kaɗai, jimla guda mai hawa, fiyanon Bill Evans ya amsa masa da sauti biyu. Ya sake, aka sake amsawa, can masu busa suka shigo cikin amsar. A nan bes ne mawaƙi, Miles Davis da John Coltrane da Cannonball Adderley su ne 'yan amshi, abin da ba a saba ji ba a wancan lokaci. Wajen minti ɗaya da rabi mai ganga Jimmy Cobb zai daki faifan tagulla da ƙarfi, Miles ya fara busa, Chambers ya kama tafiya. An ɗauki wannan ranar 2 ga Maris 1959, rana ɗaya da "Freddie Freeloader", yana da shekara 23. Ina jin bai girme ka ba.

Mutane na cewa "So What" sauƙi gare ta don kod biyu ne kawai a ciki: gaɓa 16 a kan D, takwas a hau gida ɗaya zuwa E-filat, takwas a dawo D. Ni ban yarda ba, shi ya sa na sa ta bayan bulus. Haɗa takwas ɗin ƙarshe da sha shidan farkon zagaye na gaba, ka ga gaɓa 24 ke nan a kan kod ɗaya, ba wata alama a hanya. A nan ƙwararru ma ke ɓacewa. Kuma yin tafiyar sauti 96 a wuri ɗaya ba tare da ka gundiri mai sauraro ba, ba kuma tare da ka manta masa cewa a D ake ba, wannan shi ne aikin da za ka zauna ka ga yadda ya yi shi.

Sauran kuwa a gurguje. A 1956 ƙungiyar Miles ta shiga situdiyo sau biyu, a Mayu da Oktoba, aka fitar da faya-fayai huɗu daga ciki: Cookin', Relaxin', Workin' da Steamin'. Ka ji "If I Were a Bell" a Relaxin', ka lura a farkonta sauti biyu yake ɗorawa a gaɓa maimakon huɗu, sai daga baya ya buɗe zuwa huɗu, kiɗan ya tashi ba tare da an ƙara gudu ko kaɗan ba. Faifansa na kansa, Bass on Top na 1957, yana buɗewa da "Yesterdays" inda yake goga tsirkiya da baka irin yadda mai goge ke yi. Jitarka ba za ta yi wannan ba, amma ka ji. Wanda ya ɗauki waɗannan faya-fayan, Rudy Van Gelder, likitan gwajin ido ne, kuma a falon gidan iyayensa a Hackensack yake ɗaukar su. Na faɗa maka wannan ne don ka daina raina ɗan ɗakin da kuke aiki a ciki.

Sai ka yi wata uku ko huɗu da Chambers sannan ka leƙa wani, kuma ga yadda za ka leƙa. Faifan Night Train na mai fiyano Oscar Peterson, wanda aka ɗauka a ƙarshen 1962, shi ma yana da "C Jam Blues", da Ray Brown a bes. Waƙa ɗaya, duka a kan C, mutum uku-uku. Kunna ta Garland, kunna ta Peterson. A kunnena Brown yana tura kiɗa ne daga baya, sautinsa ƙato, kowane bugu da kaifi a bakinsa, shi kuwa Chambers yana ɗauke da kiɗan ne a hankali, ba ka jin nauyin. Ranar da ka iya bambance su ido rufe, ka fara sanin abin da ake kira salo. Dukkansu kuma jikokin Jimmy Blanton ne a sana'a, yaron da ya shiga ƙungiyar Ellington a 1939 ya nuna bes na iya magana, ya rasu a 1942 yana da shekara 23, shi ma tarin fuka. Nemi "Pitter Panther Patter", shi da Ellington su biyu, 1940.

Game da kayan aikinka, kada rashin na katakon ya dame ka. Da wuya ka gan shi a nan, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Ɗaurin tsirkiyoyin iri ɗaya ne, E, A, D, G, duk abin da ka ciro zai zauna a jitarka. Don sautin ya matso kusa da nasu, ka riƙa ja kusa da wuyan jitar da gefen yatsa, inda nama ya fi yawa, ka murɗa maɓallin kaifin sauti ƙasa, ka cusa ɗan guntun soso a ƙarƙashin tsirkiyoyi daga can gindi. In hunturu ya shigo ka sa ido a kan wuyan, bushewar iskarmu na lanƙwasa katako, kuma kada ka bar ta jingine inda rana ke bugu.

Abu na ƙarshe, kuma ya shafi sana'arka kai tsaye. Ka ja mai fiyanonku ya riƙa danna maka kod-kod ɗin bulus kana tafiya, ku ɗauka, ku saurara. Amma kada ka bari ya sa kwamfuta ta daidaita maka bugun kamar yadda kuke yi wa waƙoƙin biki. Ka bar shi yadda ya fito ka ji inda kake gaggawa. Kusan kowa yana gudu a inda kod ke sauyawa, don hankalinsa ya tafi neman gida.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Daura. Abokina ya rantse mani cewa duk duniya ba a yi mai bes kamar Jaco Pastorius ba, wai ɓata lokaci ne mai jitar lantarki ya tsaya sauraron tsofaffin masu katako. Gaskiya ne?

Amsa: Barka kadai ɗana. Ka gaishe da abokin naka, ka ce masa kunnensa na da kyau amma shawararsa ba ta da shi. Jaco gwani ne na gaske. Ya tashi a Florida, ya ciccire ƙarafan gidajen da ke wuyan jitarsa ta Fender har ta koma sumul, yana zamewa daga sauti zuwa sauti yadda ya so. Faifansa na farko ya fito a 1976, ya shiga ƙungiyar Weather Report a shekarar, Heavy Weather ya biyo a 1977, daga nan kowane yaro mai bes a duniya ya so ya zama shi. Ya rasu a 1987 yana da shekara 35.

To amma da me ya buɗe wancan faifan na farko? Da "Donna Lee", waƙar da mai busa saksofon Charlie Parker ya ɗauka tun 1947, ya kaɗa ta a bes daga shi sai mai kongas. Wato mutumin da abokinka ke cewa ya isar maka, shi kansa wajen tsofaffin ya je ɗauko abin da zai gabatar da kansa da shi. Matsalar fara koyo da Jaco ita ce abin da ke burge yaro a wajensa, saurin nan da ƙyalƙyalin, shi ne abin da ba a buƙata a wajen mai bes kashi tara cikin goma na lokacin da yake kan aiki. Na sha ganin samari sun haddace rabin waƙarsa "Teen Town" amma a ce su riƙe bulus na minti biyar a bayan mai busa sai bugu ya watse.

Ka saurare shi, ban hana ka ba. Fara da "A Remark You Made" a Heavy Weather, mai tafiya a hankali, ka ji yadda yake sa sauti ɗaya ya yi kuka. Sannan ka nemi Richard Bona, ɗan Kamaru maƙwabciyarmu, haifaffen 1967, wanda jin faifan Jaco a Douala ne ya sa ya koma bes, daga baya har ya yi aiki da Joe Zawinul, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Weather Report. A Scenes from My Life na 1999 yana waƙa da harshen Douala, za ka ji yadda ɗan Afirka ya ɗauki salon Jaco ya kai shi gida. Amsar da na ba ɗan'uwanka na Ƙofar Marusa a sama kai ma taka ce.

Tambaya: Salamu alaikum Kawu. Ni ba makaɗiya ba ce, malamar makaranta ce a Rafindaɗi. Ina son abin da zan riƙa ji a hankali da dare ina duba takardun yara. Jaz ɗin da na gwada hayaniya ya yi mani. Akwai mai natsuwa? Kuma wai duk maza ne Amurkawa, babu mata ko 'yan Afirka a harkar bes ɗin?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, ranki ya daɗe, Allah ya ba da ladan aiki. Akwai mai natsuwa sosai, kin faɗa ta ƙofar masu gudu ne. Ki nemi Beyond the Missouri Sky na 1997, Charlie Haden a bes da Pat Metheny a jita, su biyu, babu ganga. Haden mutum ne mai rowar sauti, inda wani zai zuba goma shi uku yake ajiyewa, kuma ba za ki ji an rage ki da komai ba. A Kind of Blue da na ambata a sama, "Blue in Green" da "Flamenco Sketches" naki ne.

In kina son abin da ya ɗan fi wannan motsi, akwai Waltz for Debby da Sunday at the Village Vanguard na Bill Evans, duka an ɗauke su rana ɗaya, 25 ga Yuni 1961, a wani gidan kiɗa na New York. Har ƙarar kofuna da hirar mutane za ki ji a baya. Mai bes ɗin, Scott LaFaro, ba ya tsayawa riƙe bugu kawai, hira yake da fiyano, wannan ya faɗa wancan ya mayar. Ƙasa da mako biyu bayan nan ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 25.

'Yan Afirka kuwa akwai su. Bayan Bona da na faɗa wa ɗalibin Daura, akwai Johnny Dyani na Afirka ta Kudu, wanda mulkin wariyar launin fata ya sa ya ƙare rayuwarsa a Turai. Good News from Africa na 1973, shi da mai fiyano Abdullah Ibrahim, wanda a lokacin aka fi sani da Dollar Brand, zai fi duk waɗannan saurin shiga kunnen Bahaushe, don akwai zagayen da ake juyawa da rera waƙa a ciki. Akwai kuma Ahmed Abdul-Malik, haifaffen Brooklyn, wanda ya riƙe wa mai fiyano Thelonious Monk bes a 1958, a shekarar kuma ya fitar da Jazz Sahara inda ya haɗa jaz da molon Larabawa da ake kira ud. Wannan dai ba na duba takardu ba ne, ki bar shi sai ranar hutu, tare da "Haitian Fight Song" na mai bes Charles Mingus, wanda ke farawa da bes shi kaɗai kafin ihun masu busa ya shigo.

A mata, ki fara da Esperanza Spalding, haifaffiyar 1984, mai kaɗa babban bes tana waƙa a lokaci guda. A 2011 ta ci kyautar Grammy ta sabon tauraro, karo na farko da wani daga fagen jaz ya ci ta. Ita gara ki kalle ta a bidiyo, ki ga yadda hannu ke bin hanya ɗaya murya na bin wata, in ya so ki nuna wa 'yan matan ajinki.